Ina Za a Yada Zango? Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Zuwa Hawan Dutse a Wadi Rum Tsakanin Maris da Mayu

Wadi Rum hamada ce a kudancin ƙasar Jodan, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Akaba, awa huɗu kuma daga Amman. Manyan duwatsun yashi ne jajaye suka taso tsaye daga cikin rairayi, wasu bangayensu sun kai ɗaruruwan mitoci. Masu hawa da igiya sun fi zuwa sau biyu a shekara: Oktoba zuwa Nuwamba, sai kuma Maris zuwa farkon Mayu, bayan sanyin hunturu ya sassauta kuma kafin zafi ya kankama. Tambayoyin da ke ƙasa na wannan lokaci na biyu ne, kuma duk a kan abu ɗaya suke, wato inda mutum zai sauke kayansa ya kwana.

Da wanne zan fara, neman wurin kwana ko zaɓen dutsen da zan hau?

Fara da dutsen. Yankin da hukuma ta keɓe ya kai murabba'in kilomita 720, kuma da zarar ka wuce ƙauyen Rum kwalta ta ƙare, sai rairayi. Wurin da ka gani a taswira kamar ga shi nan kusa, idan ka goya igiya biyu da ƙarafan hawa da ruwa, ƙafarka na nutsewa a yashi, sai ka ci awa biyu ba ka isa ba. Kafin ka taɓa dutsen ma ka gaji, rana kuma ta ɗaga.

Saboda haka ku zauna kai da abokin hawanka ku rubuta hanyoyin da kuke son hawa, sannan ku kasa su gida-gida: na gabashin Jabal Rum, na Jabal Umm Ishrin da kwazazzabon Rakabat, na kwarin Barra, na Jabal Burda can ta kudu. Kowane gida da zangonsa. Mai mako ɗaya zango biyu sun ishe shi, ɗaya a ƙauye, ɗaya a cikin hamada. Wanda ya ce sai ya kwana a sabon wuri kowane dare, rabin tafiyarsa za ta ƙare a ɗaurin kaya da jiran mota.

To a ƙauyen Rum zan sauka ko in shige cikin hamada?

Idan zuwanka na farko ne, ka fara da ƙauyen. Yana zaune ne tsakanin duwatsu biyu, Jabal Rum ta yamma, Jabal Umm Ishrin ta gabas, a kan tudun da ya kusa mita 1,000 sama da teku. Mutanensa Badawiyawa ne, wato Larabawan hamada, 'yan ƙabilar Zalabiya. Tun 1984, da Tony Howard da Di Taylor suka zo daga Ingila tare da abokansu suka fara buɗe hanyoyin hawa irin na zamani, a nan masu hawa ke sauka, a da musamman a filin gidan saukar baƙi da ke bakin ƙauyen, wanda kowa ke kira Rest House. Yanzu da yawa sun fi kama ɗaki ko kafa tanti a tsakar gidan wani magidanci a cikin ƙauyen. Daga nan zuwa gindin hanyoyi irin su Goldfinger, Inferno da Flight of Fancy tafiyar kamar rabin awa ce a ƙafa, ka bi ta gefen kangon wani tsohon wurin bautar Nabatawa, mutanen da suka sassaƙa tsohon birnin Petra, ka hau gangara.

Amfanin ƙauyen a bayyane yake. Akwai ruwa, akwai shagunan da za ka sayi gurasa da gwangwanin kifi da shayi, akwai sabis na waya, akwai masallaci. Abin da ya fi duk waɗannan shi ne za ka tarar da wasu masu hawa da suka riga ka zuwa, su gaya maka wace hanya ce ƙugiyoyin da ake ɗaura igiya a jikinsu don sauka suka tsufa, wace ce igiya ke maƙalewa a cikinta. Dutsen yashin Rum yana da taushi, yana cin igiya, kuma neman hanyar sauka a nan ya fi hawan kansa wuya. Kwana uku a ƙauye kana hawa gajerun hanyoyi za su koya maka halin dutsen kafin ka je inda babu kowa.

Illarsa kuwa hayaniya. Karnuka na haushi har tsakar dare, akori-kurar masu kai 'yan yawon buɗe ido na kai da komo tun safe, ƙura na tashi. Mai barcin zomo ya zo da abin toshe kunne.

Cikin hamada lamari ne daban. A kwarin Barra, misali, mota ce za ta kai ka ta sauke ka da jarkokin ruwa da guzuri, ta juya, sai ranar da kuka yi da direba. Kana kwana kusa da gindin tsagar nan da ake kira Merlin's Wand, ka tashi ka sha shayi ka ɗaura igiya. Shirun wurin da taurarinsa abu ne da ba ya fita a ran mutum. Amma duk abin da ka manta a ƙauye ka manta shi ke nan, kuma duk abin da ya same ka, kai da abokinka ne za ku fara tarar sa.

Sansanonin nan masu kyau da ake tallatawa a intanet fa, masu tanti kamar ƙoƙo na gilashi?

An kafa su ne don mai zuwa kallon faɗuwar rana da ɗaukar hoto, kuma a nan ba su da laifi. Mai hawa kuwa tsarinsu bai dace da nasa ba. Abincin dare yana da lokacinsa, galibi zarb ne, naman da ake gasawa a rami a ƙarƙashin yashi, ana fito da shi sau ɗaya a gaban kowa. Karin kumallo sai rana ta fito. Kai kuma kana so ka bar zango da asuba, kuma ba mamaki sai bayan isha ka dawo da tocila a goshi. Bayan haka, da yawa daga cikin masu ɗauke da sunan Wadi Rum suna can kusa da ƙauyen Disi ne, a wajen yankin da aka keɓe, nesa da bangayen da ka zo dominsu. Kafin ka biya ko sisi ka nemi su turo maka ainihin wurin a taswira, ka auna nisansa da dutsenka.

Inda na ga amfaninsu shi ne ranar hutu a tsakiyar tafiya. Mutum ya yi wanka, ya ci abinci mai zafi, ya yi cajin waya da tocila, yatsunsa su huta.

Yaya yanayin yake, kuma wane gefen dutse ya kamata zango ya kalla?

Watannin uku ba ɗaya ba ne. A Maris rana na da daɗi amma dare na da sanyi sosai, irin wanda ke sa yatsu su ƙage da asuba, don haka jakar barci mai kauri da katifar roba wajibi ne, domin yashi na zuƙe ɗumin jiki. Afrilu ya fi daidaito. Zuwa Mayu zafi ya shigo, ma'auni na haura digiri 30 da rana, kuma bangon da rana ke duka ba ya taɓuwa da tsakar rana.

Wannan ne ke yanke hukuncin inda za ka kafa tanti. A Maris ka nemi wurin da rana ke fara sauka da safe, wato wanda gabas ɗinsa a buɗe yake, don ka samu ɗumi yayin shiri. A ƙarshen Afrilu da Mayu ka juya lissafin, ka nemi inda dutse zai tare maka rana daga azahar zuwa la'asar. Haka ma bangayen: gabashin Jabal Rum na shan rana da safe, inuwa ta rufe shi bayan azahar, yammacin Umm Ishrin kuma akasin haka. Mazaunin ƙauye yana da wannan gata, ya tsallaka wannan gefe ko wancan gwargwadon zafin ranar.

Ka guji kwana a can ƙasan kwari mai zurfi ko a ramin da ke tsakanin tuddan yashi. Iska mai sanyi na gangarowa da dare ta taru a irin wuraren nan. Ɗan tudu kaɗan ya fi ɗumi.

Hamada ce fa. Da gaske ne ambaliya na iya cin mutum a can?

Da gaske ne, kuma a duk tambayoyin nan wannan ce nake so a fi riƙewa. Ruwan sama a Jodan na sauka ne daga hunturu har zuwa Afrilu, wani lokaci da tsawa a kwararo shi cikin 'yan mintuna. Dutse ba ya shanye ruwa da sauri kamar ƙasa. Duk abin da ya sauka a saman Jabal Rum, mai faɗin kilomitoci, yana tattaruwa ne ya bi ta tsagogi da matsattsun kwazazzabai, waɗanda mutanen wurin ke kira sik, ya fito da ƙarfi ɗauke da duwatsu da itace. Ba sai an yi ruwa a kanka ba. Sama na iya zama garau inda kake, hadari ya zuba a bayan dutsen, ruwan ya iso maka bayan rabin awa. A watan Afrilun 1963 irin wannan ambaliya ta kashe fiye da mutum 20, yawancinsu 'yan Faransa masu ziyara, a mashigar Petra da ke arewa da nan. Mutanen Agadas sun san wannan hali: a farkon Satumban 2009 ruwan da ya sauka a duwatsun Ayar ne ya biyo ƙoramar Telwa ya rushe unguwanni a cikin gari.

Abin takaici shi ne wuraren da suka fi jan hankalin mai neman zango su ne mafi haɗari. Bakin sik yana da inuwa, yashinsa a shimfiɗe yake sumul, iska ba ta kaɗawa. Ruwa ne ya shimfiɗe shi haka. Kafin ka kwance kaya ka zagaya ka karanta ƙasa. Idan ka ga busasshen laka ya tsattsage, ko tarkacen ciyawa da ƙirare sun maƙale a jikin ƙananan bishiyoyi duk sun kwanta gefe ɗaya, ko tsakuwa ta jeru kamar an share ta, to kana tsaye a hanyar ruwa. Ɗaga kai ka dubi bangon ma: baƙin zane da ya sauko daga sama zuwa ƙasa alamar inda ruwa ke zubowa ne. Matsa gefe, ka hau inda ya ɗara gindin kwarin da mita biyu ko uku, kuma tun da rana ka san ta ina za ka gudu sama idan ka ji ƙugi cikin dare.

Ka duba hasashen yanayi kafin ka bar ƙauye, ka kuma tambayi mai masaukinka. Idan ya ce kada a kwana a wuri kaza yau, kada ka ja da shi.

Idan an yi ruwa, yaushe za a koma hawa?

Sai dutsen ya bushe har ciki. Dutsen yashi idan ya jiƙe ƙarfinsa na raguwa ƙwarai, madafar da ta ɗauki mutane shekaru sai ta ɓalle a hannunka, ƙarfen da ka soka a tsaga ya fito da gutsuren dutse. Fuskar bangon na iya bushewa cikin awa ɗaya alhali cikinsa na jiƙe. Tona yashin gindin bangon da ƙafarka: in akwai danshi, ka haƙura. Ka jira kwana ɗaya zuwa biyu bayan ruwa mai yawa, fiye da haka a bangon da ba ya ganin rana. Wannan ma dalili ne na zuwa da guzurin da ya ɗara kwanakin da ka ƙiyasta.

Gindin bango na da inuwa da kariya. Me zai hana in kafa tanti a nan?

Faɗowar duwatsu. Zafin rana da sanyin dare na sa dutsen ya riƙa ɓarewa, iska da awakin dutse na ture tsakuwa, wasu masu hawa da ke sama kuma na iya sako dutse da igiyarsu ba su sani ba. Dubi ƙasa: in ka ga gutsattsarin dutse masu sabon launi da kaifin baki, kwanan nan suka faɗo. Ka ja baya da bangon sosai.

Ƙaramin kogo ko rumfar dutse mai ƙarfi, irin wadda Badawiyawa suka saba sauka a ciki, wannan daban ne. Za ka gane ta da baƙin hayaƙi a rufinta da duwatsun murhu a ƙasa. Wuri ne da aka gwada shekara da shekaru. Ka dai tambaya kafin ka shiga, domin wasu na da masu su.

Iska fa? An ce tana kwashe tanti.

Tana kwashewa. Daga Maris zuwa Mayu ne lokacin iskar hamsin, mai zafi da ƙura, wadda ke tasowa daga kudu ta rufe sama kwana ɗaya ko biyu. Ko babu ita, iska na matsewa tsakanin duwatsu biyu ta fito da ƙarfi, shi ya sa mashigar kwari ba wurin tanti ba ce. Ka nemi bayan wani ƙaton dutse da ke zaune daram a ƙasa, ka juya ƙofar tantin ta bai wa iska baya.

Turakun da ke zuwa tare da tanti ba sa kama yashi. Ɗaura igiyar a jikin dutse mai nauyi ka binne shi, ko ka cika jaka da yashi ka binne ta kamar kamu ɗaya, ka tattake. Idan za ku tafi hawa da safe, ku zare sandunan tantin ku kwantar da shi, ku danne da duwatsu. Igiyoyin hawa da ƙarafa kuwa a cikin jaka a rufe za su kwana. Yashin da ya shiga cikin igiya yana cin ta daga ciki, wanda ya shiga ƙarfe mai buɗewa da ake sokawa a tsagar dutse yana sa shi ya cije.

Ruwa nawa zan ɗauka, kuma ba a samun maɓuɓɓuga?

Akwai maɓuɓɓugai, irin su Ain Shallala da ke saman ƙauyen da Abu Aina a kudu da shi. Suna fitowa ne daidai inda dutsen yashi ya zauna a kan dutse mai tauri da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa za ka hango layin kore a jikin gangara. Amma duk suna kusa da ƙauye, raƙuma da awaki na sha, kuma a Barra ko Burda babu abin da za ka dogara da shi. Ruwanka shi ne wanda mota ta sauke maka.

Shawarata lita 4 zuwa 5 na sha ga kowane mutum a ranar hawa. Ƙara na girki, na alwala da na buta, sai ka ga mutum ɗaya na bukatar kusan lita 8 zuwa 10 a yini. Mutum biyu, kwana uku, jarka uku masu lita 20, sannan a ƙara ɗaya ta ko-ta-kwana wadda ba a taɓa ta sai mota ta yi latti. Ajiye su a inuwa, kuma kada a zuba duka a mazubi ɗaya, domin jarka na iya yoyo.

Yaya zan yi da direban da zai kai ni?

A ganina zaɓen wannan mutum ya fi zaɓen wurin kansa nauyi. Da ɗan gari kan ci gari. Badawiyawan Rum sun riga kowa hawa duwatsun nan, suna bin awakin dutse da neman ganyen magani, ba igiya ba takalmin hawa. A 1952 Shaihu Hamdan ne ya jagoranci wasu mata biyu 'yan Ingila zuwa ƙololuwar Jabal Rum, kuma har yau akwai hanyar da ke ɗauke da sunansa, kamar yadda hanyar Hammad, wadda aka fi saukowa ta ita, ke ɗauke da sunan wani ɗan wurin. Sai dai ba kowane mai akori-kura ne ya san harkar masu hawa ba. Nemi wanda ya saba da su, wanda in ka ambaci sunan hanya zai san gindinta.

Ku gama magana tun kafin a tayar da mota: kuɗin kaiwa da na ɗaukowa a dinari, kuɗin Jodan, ranar dawowa da sa'arta, da ainihin wurin da zai same ku. Sannan ku yi maganar da mutane ke jin nauyin yi, wato me zai yi idan ya zo bai same ku ba. Kowace safiya ka rubuta sunan hanyar da za ku hau da lokacin da kuka tashi, ka bar takardar a cikin tanti a inda ya sani. Idan zangon na kwanaki ne, ka biya shi ya leƙo ku sau ɗaya a tsakiya da ƙarin ruwa da gurasa. Kuɗin nan ba asara ba ne.

In ya tsaya ya hura wuta ya dafa shayi, zauna ka sha. A wurin shayin nan ne zai gaya maka inda iska ke bi da inda ruwa ya bi bara.

Kunama da maciji fa?

Akwai su, kuma suna fara fitowa ne daidai lokacin da ƙasa ta ɗumama, daga Afrilu. Akwai kunama mai ruwan ɗorawa wadda dafinta ke da haɗari, akwai kububuwa mai ƙaho da ke binne kanta a yashi. Ba sa neman mutum. Kada ka kafa tanti a jikin kurmin ƙananan bishiyoyi ko kan ramukan ɓeraye, ka riƙa zuge zif, ka kakkaɓe takalmi da safe kafin ka sa ƙafa, dutsen da za ka ɗaga kuma ka fara ture shi da takalmi. Da dare kada ka taka ƙasa ba takalmi ba tocila.

Waɗanda za su fi damun ka su ne ɓarayin abinci: yanyawa da dare, hankaki da rana, da raƙuman da ke yawo ba makiyayi. Sa guzuri a jaka mai ƙarfi ka danne da dutse.

Zan iya hura wuta? Bayan gida kuma fa?

Kada ka sari itacen wurin. 'Yan bishiyoyin da ka gani, shekaru suke ɗauka kafin su yi kamu biyu, su ne abincin dabbobi, su ne ke riƙe yashi. Ka sayi gawayi ko itace a ƙauye, ko ka yi girki da gas. Jirgin sama ba ya ɗaukar tukunyar gas, don haka ka nemi mai masaukinka ya ara maka murhu da tukunyarsa.

Bayan gida a yi shi nesa da zango, nesa da hanyar ruwa da gindin hanyoyin hawa, a tona rami mai zurfi a rufe. Mai amfani da buta ya huta da matsalar takarda, wanda ya yi amfani da takarda kuma ya ƙulle ta a leda ya fita da ita, don a busasshiyar ƙasa irin wannan ba ta ruɓewa. Duk shara ta koma cikin motar da ta kawo ta.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mai zango ya kiyaye. A 2011 hukumar UNESCO ta sa Wadi Rum cikin wuraren tarihi na duniya, kuma cikin dalilan har da zane-zane kusan 25,000 da rubuce-rubuce kusan 20,000 da ke jikin duwatsun, na Samudawa da Nabatawa da na farkon Musulunci, shaidar zaman mutane na shekara 12,000. Da yawansu suna daidai wuraren da ke da inuwa, domin mutanen da ma a nan suke hutawa. Dubi bangon da kyau kafin ka jingina murhu da shi. Hayaƙin dare ɗaya na iya ɓata abin da ya shekara dubu biyu.

Ana kwana a saman dutsen?

Ana yi, wasu da niyya, wasu dole ta sa. Jabal Rum ya haura mita 1,700, samansa kuma wani daji ne na tuddan dutse da ramuka masu zurfi, inda mutum ke ɓata ko da rana. Dogayen hanyoyi irin su Pillar of Wisdom na iya cinye yinin gaba ɗaya, kuma sauka ta hanyar Hammad cikin duhu ga wanda bai taɓa bin ta ba ganganci ne. Idan magariba ta riske ku a sama, ku nemi fili mai yashi nesa da baki, a bayan dutsen da ke tare iska, ku jira gari ya waye. Sanyin can ya fi na ƙasa nesa ba kusa ba. Shi ya sa ko da kun yi niyyar dawowa a ranar, rigar sanyi, bargon gaggawa mai sheƙi, tocila da ƙarin ruwa su kasance a jaka. Ruwan da ke taruwa a ramukan dutse bayan an yi ruwa kada a sa shi a lissafi.

Salla da azumi fa?

A nan alƙibla kudu take, ta ɗan karkata gabas. Wanda ya saba fuskantar gabas a gida ya lura da wannan, ya duba tun da rana ya ajiye alama da duwatsu a gefen tanti. Idan ruwa ya yi ƙaranci ga taimama, ga kuma sauƙin da aka yi wa matafiyi na kasaru da haɗa salloli.

A 'yan shekarun nan watan Ramadan na faɗowa ne a Fabrairu da Maris, yana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara. Doguwar hanya a bangon da rana ke duka ba ta haɗuwa da ƙishirwar azumi, domin mai riƙe wa ɗan'uwansa igiya yana bukatar hankalinsa cikakke. Mai son ya yi azuminsa ya zauna a ƙauye, ya hau gajerun hanyoyi masu inuwa bayan la'asar, ko ya ɗage tafiyar zuwa bayan salla. Ka tuna direbanka ma na azumi, kada ka sa masa lokacin ɗauko ku daf da shan ruwa.

Mata za su iya yada zango su kaɗai?

Mata masu hawa na zuwa Rum tun farkon buɗe hanyoyin, kuma suna kwana a hamada. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a sauka a hannun iyali sananne a ƙauye, su ne za su kai su kuma ɗauko, kowa ya san baƙin gidan wane ne. A cikin ƙauye a sa sutura mai rufe jiki, kamar yadda matan wurin ke yi.

In wani abu ya faru, wa zan kira? Kuma me zan biya kafin in shiga?

Lambar gaggawa a Jodan 911 ce. Sabis na kamawa a ƙauye da kan wasu tuddai, yana ɓacewa a cikin kwaruruka. Ranar da aka sauke ku, kafin direba ya tafi, ka tambaye shi wuri mafi kusa da waya ke kamawa, ka taka ka je ka gwada da kanka. Wanda ke da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam ya zo da ita. Ceto daga tsakiyar bango na ɗaukar lokaci, waɗanda ke fara isowa galibi mutanen ƙauyen ne da sauran masu hawa, babban asibiti kuma sai Akaba. Don haka lambar mai masaukinka ta kasance a rubuce a takarda a aljihun kowannenku, kuma ka tabbata inshorar tafiyarka ta ambaci hawan dutse da igiya ƙarara.

Kuɗin shiga ana biyan sa ne a cibiyar baƙi da ke kan hanya, kimanin kilomita 7 kafin ƙauyen, kuma yana cikin Jordan Pass, tikitin shiga wuraren ziyara na ƙasar, ga wanda ya saya. A nan za ka shaida musu kwana nawa za ka yi da wanda zai karɓe ka. Ka ciro isassun dinari tun daga Akaba ko Amman, domin kuɗin mota, na ruwa da na shago a Rum duk a hannu ake biya.